Kujerar da Ta Fi Mai Ita Nauyi

Jiya ina wucewa ta bayan atalye, ɗakin aikinmu, na ji ɗayanku yana cewa wai aikin Baba Sani ba aiki ba ne, katako huɗu ne da guntun soso, ko tsohuwa mai ciwon baya ta iya. Sauran kuka kwashe da dariya. Madalla. Tunda lakkol ɗinku ta turo ku wata uku ku koyi sana'a a hannuna, kuma na lura magana in ta shiga kunnenku na dama da gudu take fita ta hagu, na ce bari in rubuta muku, ko takarda za ta fi ni sa'a.

Ni a Damagaram na koyi kafinta, wajen maigidana Alhaji Ilu, Allah ya jiƙansa. Shekarar farko ban taɓa zarto ba. Ƙusa nake miƙewa, tsofaffin ƙusoshin da aka ciro daga akwatuna. Na miƙe ƙusar da in aka jera ta za ta je Agadas ta sha shayi ta dawo. Shekara ta biyu aka ba ni zarto, ta uku aka yarda in riƙe mitar awo. Alhaji Ilu yana da gwaji guda. In ka gama benci, sai ya aika a kira wani mahauci maƙwabcinmu, mutum kamar rumbu, ya zo ya faɗa a kai gaba ɗaya. In bencin ya yi ko "ƙis", ka sake. Kullum maganarsa ita ce, "Abin da ba shi da nauyi ba shi da gaskiya." Shekara bakwai ina shan wannan karatu, har na fito ina yin teburin da in aka ajiye shi a ɗaki, sai dai a rushe ɗakin ya bar teburin tsaye.

Da wannan hannu na zo Diffa, ina yi wa lakkol bencuna, ina yi wa masu kuɗin tattasai ƙofofi. Wata rana wata mace ta tsaya a bakin rumfata, gajera, da lafaya, da muryar da in ta yi sallama a nan sai a amsa a garin Maine. Ta ce ita ce Madam Fanna, shugabar santar gwamnati mai kula da yaran da girmansu ya zo da jinkiri. Irin yaran da za su shekara biyar wuya bai tsaya ba, ko zama ya gagara, ko magana da fahimta suna tafiya sannu. A ƙauyukan bakin kogin Komadugu wasu na ce musu ƴaƴan ruwa, a ɓoye su a ƙuryar ɗaki. Madam ta ce tana son kafinta. Na ce ta samu wanda ya fi kowa daga nan har Yamai. Ta ce, "To, za mu gani."

Aikina na farko na wani yaro ne ɗan shekara shida, ɗan manoman tattasai. Aka kawo shi buro, ofishin Madam, na auna shi, na koma na ƙera masa kujera mai dogayen ƙafafu, da wurin ɗora hannu, da fenti shuɗi. Ko gwamna ya gan ta sai ya yi kwaɗayi. Bayan sati uku Madam ta ce in zo mu je ganin yaron. Muka tarar da shi kwance a tabarma, kaza kuma ta yi ƙwai huɗu a kan kujerata. Uwar ta ce, "Malam, kada ka ji haushi. Mu a ƙasa muke ci. In muka ɗora shi can sama sai ya yi ta kuka, yana ganinmu kamar daga kan bishiya."

A hanyar dawowa Madam ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi daga yau ba a auna yaro a buro. A je gidansu, a zauna a ci abinci da su, a ga inda uwar take zama, da wane hannu take ba shi, a ga faɗin ƙofa, sannan a fito da mita. Shekara goma sha biyu muka yi a kan wannan doka. Na ci tuwo a gidajen da ba su ƙirguwa. Tumbin nan da kuke yi wa dariya, kayan aiki ne, gwamnati ce ta sa shi.

Ku buɗe kunne a nan. Kujerar irin waɗannan yara a ƙasa take, kusurwa ce mai bango biyu da ke riƙe kafaɗu. Kafin ka taɓa katako sai ka yi ta da kwali, ka zaunar da yaron, ka duba. Ƙugu ya shige can ciki. A sa ɗan tudu tsakanin gwiwoyi don kada ƙafafu su harɗe. Kai ya tsaya, haɓa ta ɗan sunkuya, domin yaron da kansa ya faɗa baya in aka ba shi kunu, kunun hanyar numfashi yake bi. Yatsa biyu ka kuskure, ka mayar da abinci guba. Soso kuma a rufe shi da leda mai kauri, kun san dalili. Wannan shi ne katako huɗun da tsohuwa ta iya.

Akwai wata yarinya, Bintu, da na fara aunawa a Barwa, can kusa da Boso, tun ana zaman lafiya. Tana da shekara huɗu, jiki kamar tsumma, ido kuwa kamar fitila, ba abin da ke wuce ta. Uwarta Ya Kellu tana shan wahalar ba ta abinci, kowane cokali da tari. Na yi mata kujera da jan katako. Ranar da aka zaunar da ita ta shanye kofin kunu ba tari ko ɗaya, Ya Kellu ta ba ni bandar kifin da na yi wata guda ina wari, kuliyoyin Diffa suna raka ni masallaci.

Sai mummunar shekara ta zo, ƴan bindiga suka fara kai hare-hare. Ku kuna yara lokacin. Aka hana babur, aka tsayar da cinikin tattasai da na kifi, katakon da ke zuwa mana daga ƙetaren kogi ya yanke. Mutane suka kwararo daga bakin tafki da bakin kogi, suka zube a gefen kwalta cikin bukkokin kara da tamfol. Yaran da ke littafin Madam suka watse, wasu sababbi suka ninka su. Matar nan ta ɗaure lafaya ta bi bukka bukka da ƙafa, tana tambaya, "Akwai yaron da ba ya zama a nan?" Ni ina biye da mita da kwali, harshe a waje. Da katako ya ƙare ta sa na ciro ƙofar buronta na tsaga. Wata shida Direktar santa guda tana aiki da labule.

A gefen kwaltar muka sake samun Ya Kellu, Bintu a baya, kujera an bar ta a Barwa. Na yi ta biyu. Bayan shekara biyu aka kai hari kusa da inda suke, suka sake tashi suka matso bayan gari, kujera ta biyu ta zauna can. Kafin labari ya iso mu Bintu ta yi wata biyu ana ba ta abinci a kwance. Ƙirjinta ya cika, ta yi sati uku a likita, har an fara kiran dangi. Da ta tashi, likitan ya gaya wa Madam a gabana cewa ƙirjin nan ba zai ɗauki irin wannan sau biyu ba. Na koma na yi ta uku, na zuba mata katako har da na ajiya. Na ce wannan ko bam ya sauka a kanta sai dai bam ɗin ya ji ciwo.

Ana nan takardar ritayar Madam ta zo. Aka ce an turo sabon Direkta daga Yamai. Mu ma'aikata muka yi zaman makoki tun ba mu gan shi ba. Mai shara ta ce ta ji ba ya gaisuwa. Direba ya ce ya ji zai rufe atalye ya kawo kujerun kanti. Ni na ce na ji yana cin kafintoci da safe.

Ranar miƙa aiki sai ga wani siririn saurayi, dogo, da tabarau da takalmi mai ƙyalli, in iska ta taso sai ka ji kamar ka riƙe shi. Sunansa Buba. Ashe Bafillace ne, ɗan makiyayan wajen Fulatari, karatun gyaran gaɓoɓi ne ya kai shi Yamai. Madam kuwa Babarbariya, kun san wasan da ke tsakaninsu. Ta miƙa masa makullai da hatimi a gaban manyan baƙi ta ce, "Ga shi, bawana. Yara ne, ba shanu ba, kada in ji ka kai su kiwo."

Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Ai Ya Fanna, tunda Barebari suka riƙe su shekara goma sha biyu ba su sayar ba, ni ma zan ƙoƙarta."

Aka yi dariya, ban da ni. Ni ina kallon takalmin.

Sati biyu bai canza komai ba. Ya ɗauki littafin Madam ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, yana zama a tabarma, yana cin abin da aka ba shi. Takalmin ya mutu a kwana huɗu. Ranar da muka je wajen Ya Kellu, gari ya ɗauka cewa gwamnati za ta mayar da mutanen Barwa gida, kamyo, babbar motar kaya, zai zo nan da kwana goma sha biyu. Muka tarar tana ɗaure kaya. Bintu, yanzu ta kai shekara goma sha ɗaya, tana zaune cikin kujerata kamar sarauniya.

Direkta ya ce, "Ya Kellu, da kujerar za a tafi?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wannan ne sabon? Wa ya ba Bafillace buro? Kai, ɗan nan, ɗaga ta ka ji."

Ya sunkuya ya kama. Kujera ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake yunƙurawa har tabarau ya zame, ta ɗan tashi ta koma.

Ta ce, "To ka gani. Ko an ɗora mini ita a kamyo, in an sauke mu fa? In kuma aka sake cewa ku gudu? Baya ɗaya gare ni, na Bintu ne. Kai ɗaya gare ni, na tukunya da gero ne. Biyu na bari, wannan ta uku. Kafinta mutumin kirki ne, amma gini yake yi."

Na ce, "Ya Kellu, shekara bakwai ba ki taɓa gaya mini ba."

Ta ce, "Wanda ya ba ka kyauta, ka ce masa ta yi nauyi?"

Washegari Direkta ya aro sikelin masu tattasai ya kawo atalye. Aka ɗora irin kujerar Bintu, kilo goma sha tara. Ya buɗe littafi ya nuna mini awon Bintu na ƙarshe, kilo goma sha shida. Ya ce, "Baba Sani, aikinka a wajen zama ba shi da na biyu, na duba yara talatin ban ga kuskuren yatsa ɗaya ba. Amma ina son wadda ba ta wuce kilo huɗu ba, mai naɗewa, kafin kamyo ya tashi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kilo huɗu ai faifai ne. Ni kafinta ne, ba mai saƙar tabarma ba."

Ya ce, "Uwata ta haifi tara, ba ta taɓa shekara a wuri ɗaya ba. Gadonta, da ɗakinta, da ƙorenta, duk jaki biyu ke ɗauka. Takan ce abin da ba ya hawa jaki ba naka ba ne, na wurin ne. Mutanen nan yanzu sun zama mu, Baba, ba da sonsu ba."

Na fita. Na zarce gidan Madam in kai ƙara. Na same ta tana tsince shinkafa. Na zazzage mata komai, na ƙara gishiri, na ce yaron nan ya ce aikinmu na shekara goma sha biyu shirme ne, ya kusa ya tofa wa zartona miyau. Na ce ta ɗaga waya ɗaya Yamai, a mayar da shi wajen shanu. Ta bar ni na gama, ta sa aka kawo mini ruwa.

Ta ce, "Malam Sani, wa ke riƙe da makulli?"

Na ce, "Shi."

"To me ka zo yi gidan tsohuwa? In ya yi daidai, Direktanka ne. In ya yi kuskure, Direktanka ne, ka gaya masa a buronsa. Kwana nawa ya rage wa yarinyar?"

Na ce goma sha ɗaya.

"Ka ɓata rabin ɗaya a nan. Tashi."

Ta farko da na yi, da falankin katako siriri da hinjin ƙarfe, na gwada ta da buhun gero mai kilo goma sha shida. Ta riƙe buhun na minti ɗaya, sannan ta naɗe da shi a ciki kamar kada ya kama akuya, ta haɗa da babban yatsana. Ihun da na yi, sojojin bakin gada sun gyara tsayuwa. Ta biyu ba ta naɗe ba, amma da na ture buhun gefe, yadda Bintu ke yi in jikinta ya sanƙare, sai ta kife. Hinjin kuma kwana biyu a rairayin Diffa ya fara kuka. Saura kwana biyar, ga yatsa ɗaure, ga ma'aikata suna leƙowa suna yi mini sannu irin ta gidan mutuwa.

Ranar kasuwa Direkta ya ja ni wajen da Fulani ke sauka, ya roƙi wata gwaggonsa ta kwance mana gadonta ta sake ɗaurawa. Na tsuguna ina kallo. Ba ƙusa ko ɗaya. Sanduna ne ke shiga cikin juna, igiya ta ja su, nauyin mai kwanciya shi ke ƙara ɗaure su. Tsohuwar ta harhaɗa shi kafin in gama gyara zama. Ta tambayi Direkta da Fillanci ko wane ne ni, ya ce babban kafintan gwamnati ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Na dawo na zubar da hinji. Na yanka robar tsohuwar tayar mota na yi maɗauri da ita, rairayi bai san abin da zai yi da roba ba. Bangon biyu na sa su shiga cikin tsaga a katakon zama, yadda nauyin yarinyar da kansa zai kulle su. Ƙasan na faɗaɗa shi da sanduna biyu masu zarewa don kada ta kife. Duk inda katako ba ya aikin komai na huda shi na cire. Hannuna yana yi, zuciyata tana ba Alhaji Ilu haƙuri. Aka ɗora a sikeli, kilo huɗu da ɗan ɗoriya.

Na ce to an gama. Direkta ya ce saura gwaji. Ya aika aka karɓo zane wajen mai shara, ya tuɓe kwat, ya ce a goya masa buhun geron. Muka ɗauka wasa ne. Aka goya masa, ya ɗora kujerar a naɗe a ka, ya ɗora tukunya a kai, ya fita da tsakar rana. Shugaban sarbis na gwamnati, da tabarau, da goyon gero, ya bi rairayi daga santa har bakin kogi ya dawo. Rabin Diffa ta biyo shi. Mata suna guɗa, wani ya tambaye ni ko sabon Direktan ma cikin masu jinyar yake. Ya dawo jiƙe sharkaf, ya sauke, ya nuna mini kafaɗarsa inda kusurwar katako ta goge fata. Ya ce, "Nan, Baba. Ka zagaye shi, ka sa igiyar ratayawa." A ranar na daina kallon ƙafafunsa.

Muka kai wa Ya Kellu ana jibi tafiya. Ta kwance ta harhaɗa sau uku da kanta, ba ta yarda na taɓa ba. Aka zaunar da Bintu, na duba ƙugu, na duba haɓa, aka ba ta kunu ta shanye. Ya Kellu ta ce wa Direkta, "Ashe Bafillace yana da amfani in an rasa jaki."

Da safen tafiya Madam ta zo sallama, ba wanda ya gayyace ta, ta tsaya can baya cikin mata. Da ta ga kujerar jingine da ƙullin kaya, ta matso ta ɗaga ta da hannu ɗaya. Ta daɗe tana jinjina ta. Sannan ta ce, yadda Direkta zai ji, "Shekara goma sha biyu ina duba kujerun nan ta gaba da ta baya, ban taɓa ɗaga ko ɗaya ba. Kullum Malam Sani ke ɗauka." Ta ajiye, ta juya wajensa. "Bawana, ka iya kiwo."

Bayan wata biyu muka ji an yi harbe-harbe wajen Barwa, mutane sun fantsama daji kwana biyu kafin su koma. Ba waya, ba labari. Direkta yana shigowa atalye sau biyar a yini yana tambayata ko ina buƙatar ƙusa. A kwana na tara wani direban da ke ɗauko bandar kifi ya tsaya a ƙofar santa, ya ce ina kafinta. Ya miƙo mini ƙullin tsumma. Na kwance, guntun robar taya ne, ya tsage biyu.

Ya ce, "Wata Ya Kellu ta ce a ba ka. Ta ce ƙaya ta cinye wannan a daji, ta ɗaure da igiya kafin ka aiko wani. Ta ce ka aiko biyu, kuma ka daina rowar roba."

Direkta ya ce, "Kujerar fa? Tana ina?"

Direban ya dube shi kamar ya yi tambayar wauta. Ya ce, "Tana ƙarƙashin yarinyar mana. Da na taso ma tuwo ake ba ta."